Mashanyar Raliya

Ƙafar murhu ce ta fara kai Raliya shagon walda na Zakiru. Ranar kasuwar Dakoro ce, bakin shagon cike da masu amalanke da masu babur, kowa na son a fara da nasa. Ita kuwa ta tsaya can gefe, murhu a hannu, faifan cuku a ka.

Zakiru ya ɗaga baƙin gilashin da ke fuskarsa don ya share gumi, sai ya gan ta. Daga nan layi ya rushe. Mai amalanken da ya fi kowa daɗewa ya yi ta mita, amma gogan naka ya riga ya kurmance. Ya karɓi murhun ya hau liƙi, ido ɗaya a kan ƙarfe, ɗayan yana yawo inda ba a aike shi ba.

"Malam, rigarka na ci," in ji ta, a natse kamar mai gaya masa sunan unguwarsu.

Ya duba, sai ga hannun rigarsa na hayaƙi. Masu amalanke suka sami abin dariya, har wanda ke mita ya huce.

Da ya gama ya ƙi karɓar ladan aiki. Ba ta ja da shi ba, ta dai ajiye masa cuku biyu a kan benci, irin fale-falen nan masu zanen asabari a jiki, ta ɗauki murhunta ta tafi. Zakiru kuwa ɗan cikin gari ne, tun yana yaro yake cewa cuku da tafin takalmi duk tafiyarsu ɗaya. Ranar nan da shayi ya cinye su duka, ya kuma rantse wa mahaifiyarsa Uwale cewa bai taɓa cin abu mai daɗinsa ba. Uwale ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "To, Allah shi sa mu ji alheri."

Kafin wata ya zagayo ya san gidan, ya san sunan, ya kuma sami lambar waya. Raliya auta ce a wajen Malam Rabo da Inna Habi, mutanen Rumbu da suka zauna a bakin gari, shanunsu na can ƙauye a hannun dangi. Kullum da sassafe Tanimu, ɗan wan Inna Habi, yake kawo madara a bayan babur, uwa da 'ya su daskarar da ita, su shimfiɗa a kan asabari, su shanya a rana. Duk Dakoro in ana maganar cukun da ba ya wari, ba ya fumfuna, na Inna Habi ake nufi.

Saƙonni suka fara tashi kamar tsuntsayen kaka.

"Madarata, yau na liƙa ƙofar mutane a birkice, sai da mai ita ya dawo da ita. Laifinki ne."

"Mai Tartsatsi, ni da nike nan gida ina juya cuku? Ka dai kula da rigunanka, ba ni son miji mai hannu ɗaya."

Kalmar miji da ta faɗo cikin saƙon nan, Zakiru ya karanta ta har sai da wayar ta mutu.

Da manya suka shiga maganar, Malam Rabo bai kawo wata matsala ba. Yaro yana da sana'a, yana salla, ba a san shi da rigima ba. Inna Habi ce ta cije. A danginsu mace ba ta shiga gidan miji hannu rabbana. Da asabarinta take tafiya, a kuma nuna mata inda za ta shanya, don abin da ta samu a cuku nata ne, ba mai tambayarta. Inna Habi ta ga 'ya'yan 'yan'uwanta da aka kai cikin gari, gida tsukuku, ba rana ba fili, aka wayi gari ko sabulu sai sun jira miji ya dawo. Ta ce ba za a yi wannan da autarta ba. Ga Tanimu nan, ɗan gida, a Rumbu kuwa rana tun daga fitowarta har faɗuwarta ba mai tare ta.

Raliya ba ta gaya wa Zakiru wannan dalla-dalla ba. Kunya ta hana ta, ta ce masa kawai, "Inna tana nazari." Shi kuma ya ɗauka gida ake so a gani, ya ƙara ƙaimi a ginin da ya daɗe yana yi a sabuwar unguwa.

Filin ɗan ƙarami ne, ɗaki biyu da falo suka kusa cinye shi. Ɗan tsakar gidan da ya rage kuwa manyan bishiyoyin bedi, wato darbejiya, na maƙwabci sun rufe shi da inuwa. Wayar lantarki ba ta kai unguwar ba, ba kuma wanda ya san ranar zuwanta. Shi ya sa tun kafin ya san Raliya, Zakiru ya ƙudura a ransa zai sa allunan nan masu kama hasken rana, waɗanda ake ce wa pano. Uwale za ta zauna da shi, kuma duk bazara yana ganin yadda take jiƙa zane ta kwanta a ƙasa tana haki, jini ya hau, barci ya gagara. Ya sha yi mata alkawari, "Uwale, in na yi gida, hwanka za ta kwana tana juyi bisa kanki."

Don haka da aka zo rufi bai sa tol, wato kwanon rufi, kamar kowa ba. Ya daure ya zuba dal, shimfiɗaɗɗen rufin siminti, ya yi masa ɗan bango kewaye don iska, ya ɗora matakala mai faɗi don a riƙa hawa wanke allunan. Ya kuma yanke a ransa ba zai gaya wa Raliya ba. So yake ta shigo ta tarar da fitila a kowane ɗaki, ga firigo mai sanyaya ruwa na huci a falo.

Wata rana Raliya ta biyo ta unguwar za ta kai cuku, ta hangi rufin. Ta tsaya cak. Fili sarari a sama, akuya ba ta kaiwa, yara ba sa kaiwa, ga bango, ga matakalar da mace za ta hau da faifai a ka. Ita dai a duniyarta abu ɗaya ake yi da irin wannan wuri. Ta koma gida da sassarfa, idonta cike da ƙwalla.

"Inna, kin ce bai san darajar sana'armu ba. Tahi ki gani. Mashanya ya gina mini bisa ɗaki, ban roƙe shi ba, ban ko hwaɗa mishi ba."

Inna Habi ta bi ta hanyar washegari, ta hanga daga nesa, ta dawo gida. Da la'asar ta ce wa Malam Rabo ya shaida wa mutanen Zakiru su kawo kayansu.

Saƙon Raliya ya iske Zakiru yana cin tuwo.

"Na ga ruhin da ka yi. Ka so ka ɓoye mini amma na gane. Ka san abin da ke raina tun ban buɗe baki ba. Allah shi saka maka, shi jiƙan mahaihinka."

Zakiru ya yi murmushi har kunne. Yarinyar nan akwai kaifin ƙwaƙwalwa, in ji shi a ransa, daga ganin dal ta gano pano. Ya mayar mata:

"Ashe ba a iya ɓoye miki komi. Kaɗan ma kika gani, Madarata."

Haka suka yi ta gode wa juna makonni, kowa da abin da yake nufi. Rashin sani dai ya fi dare duhu.

Aka kai gaisuwa, aka sa rana bayan girbi. Zakiru ya shiga ƙera ƙafafun da allunan za su zauna a kai. Duk yammar da ya rufe shago sai ya wuce sabon gida, har ya jera ƙarafa layi-layi, daga wannan bango zuwa wancan, ya kafe su da siminti. Ɗan siririn lungu kawai ya bari na mai wanki. Allunan ne suka rage, ya riga ya yi magana da wani mai shago a Maraɗi.

Ana cikin tsakiyar bazara mata suka zo awon ɗaki, don a san girman gado da kabad da za a yi wa amarya. Rahinatu, yayar Raliya, ita ke riƙe da igiyar awo. Da yake Raliya auta ce, ba kunya tsakaninta da uwarta, Inna Habi ma ta biyo su. Uwale ta tarbe su da ruwa, Zakiru kuwa ya rakuɓe a bakin ƙofa kamar yadda suruki ke yi.

Sauran mata suka shige ɗaki. Inna Habi ko leƙa shi ba ta yi ba, ta tattara zane ta nufi matakala. Ta daɗe a sama. Da ta leƙo, sai ta tambayi Uwale, amma da ƙarfin da na bakin ƙofa zai ji.

"Wanga ƙarhe da ya cika wurin, na mine ne?"

Zakiru ya ga ranar da yake jira ta zo. Ya matso gindin matakala, ya durƙusa, kansa a ƙasa, bakinsa kuwa ya ƙi rufuwa don daɗi. Ya ce pano za a shimfiɗa a kai, rufin gaba ɗaya. Ya lissafa fitila, ya lissafa fanka, ya zo kan firigo.

"Ko madara anka kawo, Inna, sai a sa ciki, ba ta lalacewa. Ba sai ta yi ta wahalar shanya cikin rana ba. Ta huta."

Inna Habi ta sauko a hankali, tana dafa bango.

"Ta huta," ta maimaita. Sannan ta ɗaga murya kaɗan. "Rahinatu, naɗe igiyarki mu tahi."

Ba a auna ɗaki ba ranar. Zakiru ya tsaya yana kallon bayansu, yana laluben abin da ya faɗa da ba daidai ba, bai samu ba.

Ya kira Raliya ba ta ɗauka ba. Sai bayan magariba ta fito zaure, idanunta a kumbure, Rahinatu na zaune can nesa kaɗan. A nan ta warware masa komai, tun daga asabarin da kakarta ta ba uwarta, har zuwa ranar da ta hangi rufin ta ruga gida.

"Na yi ma Inna ƙarya ban sani ba," in ji ta. "Da bakina na ce mata don ni ka yi. A kan haka ta yarda."

"Raliya, wallahi don ke na yi. Ke da Uwale."

"Na sani. Shi ya sa abin ya hi ciwo." Ta share ido da bakin mayafi. "Ni cukun nan ba wahala ba ne gare ni, Zakiru. Da shi na yi ma kaina sutura tun ina ƙarama, da shi Inna ta riƙe gidanmu shekarar da shanu sunka mutu. Ka ce in huta, ita ji ta yi kamar ka ce rayuwarta duka wahala ce."

"To in sauke su gobe."

"Ka sauke, Uwale ta ci gaba da kwana cikin jiƙaƙƙen zane don ni? Da wane ido zan dube ta? In kuma ka bari, Inna ba ta ba da ni. Ta riga ta ce Tanimu bai buƙatar gina ruhi."

Gaba kura baya sayaki. Haka Zakiru ya koma gida.

Ya gwada duk dabarar da ta zo masa. Ya auna tsakar gida, inuwar bedi ba ta barin wurin sai ɗan lokaci da tsakar rana. Ya je wajen maƙwabcin, tsoho ya ce bishiyoyin nan da hannunsa ya dasa, ko reshe ba a taɓawa. Ya aiki Rahinatu wajen Inna Habi ta ce a raba rufin biyu. Amsar da ta dawo da ita gajera ce. Inna ta ce ba ciniki take yi ba. Wanda ke ganin abin wahala ne, yau ya ba da rabi, gobe in firigo ya ƙaru zai karɓe.

Ana cikin haka Tanimu ya zo shagon, mazaunin kayan babur ɗinsa ya karye. Zakiru ya so ya ce ba shi da lokaci, amma ya karɓa ya liƙa masa da kyau, har ya ƙara masa ƙarfe. Tanimu dogo ne marar yawan magana. Sai da ya hau babur sannan ya ce, "Ni ban neman macen da zuciyarta ke wani wuri. Amma in Gwaggo ta ba ni, ba ni cewa a'a. Ka san wannan." Ya tada babur ya tafi. Zakiru ya fi son a ce mugu ne, da ya sami wanda zai ji haushi.

Abin da ya rage shi ne Uwale, ita ce kuma ya fi jin nauyin tunkara. Ya same ta da azahar a ɗan ɗakinsu na haya, kwance a kan tabarma, mafici a hannu. Ya zauna ya yi ta kewaye-kewaye, har ta gaji ta ce ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya faɗa duka, ya ƙare da cewa shi dai alkawarin da ya yi mata ba zai karya ba, ko da zai rasa Raliya.

Uwale ta tashi zaune.

"Zakiru, da ubanka ya rasu, mi ka ci?"

Ya kawar da kai.

"Tambayarka nike. Gona munka gada ko shanu? Ƙuli-ƙuli ka ci. Man gyaɗa ya kai ka lakwal ka yi karatun boko, shi ya kai ka koyon walda. Ubanka, Allah shi jiƙan shi, ya sha ce mini hayaƙi zai ɓata mini ido, amma bai taɓa cewa in sauke kasko ba. Da ya ce in huta na huta, da yanzu kana ina?"

Idon Zakiru ya kawo ruwa. Kaskon nan a gabansa aka yi ta tuya da shi shekara da shekaru, bai taɓa haɗa shi da asabarin Inna Habi ba.

"Matar nan ta hi ka gaskiya," in ji Uwale. "Tahi ka sauke ƙarahunanka. Zahi bai kashe ni ba tun ina budurwa, ba yanzu zai hwara ba."

"Uwale, alkawari na yi miki."

"Ni anka yi ma, na kuma yahe. Surukar da ke da abin yi a hannunta ta hi mini hwanka."

Ya durƙusa a gabanta yana ta maimaita godiya kamar wanda bai san wata kalma ba.

Washegari bai buɗe shago ba. Ya hau rufin da zarton ƙarfe, ya bi ƙarafan da ya ɓata makonni yana kafawa, ya datse su ɗaya bayan ɗaya, ya sauko da su ya jibge a tsakar gida. Ya toshe ramukan da siminti, ya share wurin tas. Ya kira mai shagon Maraɗi ya ce a fasa. Abin ya yi masa ciwo, ba a ɓoye wannan, don mafarkin shekaru ne. Da yamma ya je wajen Malam Rabo ya durƙusa, ya ce a ba Inna haƙuri, ya raina abin da bai sani ba, alhali da irinsa aka raine shi. Bai roƙi a mayar da maganar aure ba. Raliya ya aika wa saƙo:

"Na sauke duka. Ba don a ba ni ke kaɗai ba, Uwale ce ta nuna mini abin da ban gani ba. Ko mi Inna ta yanke, ruhin nan mashanya ne."

Amsa ta zo nan take:

"Ka sa ni kuka, Mai Tartsatsi. Amma Uwale hwa?"

Ita ma Inna Habi tambayar da ta tsaya mata a rai ke nan, da Raliya ta gaya mata wanda ya ba da umarnin saukewar. Ta kwana biyu tana juya abin. Rana ta uku ta yafa mayafi da tsakar rana, lokacin da ko kare ba ya fita, ta nufi gidan su Zakiru ba tare da ta aika ba. Ta yi sallama ta shiga, ta tarar da Uwale yadda ɗanta ya saba tarar da ita, a ƙasa, cikin jiƙaƙƙen zane, numfashi sama-sama.

Uwale ta yunƙura za ta tashi, Inna Habi ta hana ta. Ta zauna, ta karɓi maficin, ta hau yi mata fifita. Sun daɗe a haka. Abin da suka tattauna ba wanda ya ji duka, amma maƙwabciya ta ce ta ji an ambaci kasko, an ambaci shekarar da shanu suka mutu, ta kuma ji dariya daga baya.

Da rana ta yi sanyi aka aika kiran Zakiru zuwa sabon gida. Ya tarar da Uwale zaune a gindin matakala, Raliya da Rahinatu a tsakar gida, Inna Habi kuwa tana sama. Aka ce ya hau. Ya same ta tana taka rufin daga bango zuwa bango, tana ƙirga asabari a ranta. Ta sunkuya da guntun gawayi ta ja layi a gefen arewa.

"Daga nan zuwa bango na uwarka ne," in ji ta, ba ta dube shi ba. "Ba a cewa ɗiyata ta shanya cuku bisa gumin tsohuwa. Pano nawa wurin ke ɗauka?"

Zakiru ya duba. "Biyu, Inna."

"Suna juya hwanka?"

"Suna juyawa, har da hitila. Hirigo ne dai ba su ɗauka."

"Ruwan randa bai kashe kowa ba."

Sai ga muryar Raliya daga ƙasa, tana magana da Rahinatu amma kowa ya san da wa take. Ta ce ƙarafan nan da aka jibge, in an rage musu tsawo aka daidaita su, asabari zai zauna a kai, iska ta riƙa bi ta ƙasa, cuku ya fi saurin bushewa. In ma mai waldar yana da kirki, ya yi musu murfin raga saboda tsuntsaye.

Inna Habi ta leƙa ta dubi tarin ƙarafan, ta taɓe baki irin na wanda abu ya burge amma ba ya son a gane. "Rahinatu," in ji ta, "kin zo da igiyar?"

Ta zo da ita kuwa, tun daga gida take ɓoye da ita a cikin mayafi.

Zakiru ya sauko ya zagaya bayan gida, inda ba mai ganinsa, ya share fuska da kyau kafin ya dawo.

Pano biyun suka iso kafin damina ta sauka, aka kafa su a bayan layin gawayi, ko ɗan yatsa ba su tsallake ba. Uwale ta riga kowa tarewa. Ranar da fanka ta fara juyawa a ɗakinta ta yi barcin da sai da aka tashe ta sallar la'asar, ta farka tana faɗa wai don me aka bar ta.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Mutanen Rumbu suka zo a kan babura da amalanke, abokan Zakiru na kasuwa suka cika unguwa, aka ci aka sha aka yi addu'a. Tanimu ma ya zo, ya ba ango hannu, ya ce madara za ta ci gaba da zuwa kamar yadda aka saba, sai dai yanzu gida biyu zai riƙa tsayawa. Da aka kawo kayan amarya, a saman gado da kabad an ɗaure sababbin asabarai, saƙar hannun Inna Habi.

Amarya ba ta daɗe tana amarci ba. Lokacin yalwar madara ne, ta ce ba ta iya zama tana kallon rana na tafiya a banza. Ta daskarar, ta shimfiɗa, ta hau ta jera a kan ƙarafan mijinta. Zakiru ya hau wai zai wanke pano, ya ɓuge da tsayawa yana kallonta, har ta ce in ya gama wankin ido ya miƙo mata faifai.

Da shanyar farko ta bushe, Raliya ta ce wannan ba ta sayarwa ba ce. Ta zaɓi masu kyau ta jiƙa wa Uwale a shayi, sauran ta ƙulle a farin ƙyalle ta ba Zakiru.

"Kai za ka kai ma Inna. Ba ni ba."

Ya karɓa ya tafi. Ya tarar da ita a tsakar gida, ya durƙusa nesa kaɗan ya miƙa ƙunshin. Ta kwance, ta ɗauki ɗaya ta ɗaga a rana, ta shinshina. Sannan ta kai shi kusa da kunne ta karya. Cukun ya ce ƙas.

Ta daɗe tana kallon ɓarin da ke hannunta. Da ta ɗago, ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Ya bushe," in ji ta. "Matso ka karɓa, ɗana."

Ta ba shi rabi, ta riƙe rabi. Ta ce Allah ya yi musu albarka, ya zaunar da su lafiya, ya ba su 'ya'yan da za su ji ƙansu yadda ya ji ƙan uwarsa, ya sa kada gidan nan ya rasa rana, kada kuma ya rasa inuwa. Malam Rabo daga zaure ya amsa da amin. Zakiru ya sa cukun a baki ya sunkuyar da kai.